Mai kwal ko mai dizal: kan jirgin da zan riƙe in an ce ɗaya tak

Ranar Asabar da ta wuce wani ƙanina da muke zaune gari ɗaya a nan Leeds ya biyo ni ɗakin sama bayan la'asar. Ya tsaya bakin teburin ƙananan jiragen ƙasana ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Yaya, ɗanka ya hana ni sakat tun ranar da ya ga abin nan. Kuɗin da na ware na kan jirgi ɗaya ne. Wanne zan saya, mai kwal ko mai dizal?" Ban ko nisa ba na ce masa mai dizal. Ya dube ni, ya dubi koren nan mai kwal da na killace cikin akwatin gilashi kamar kayan jeren amarya, ya ce, "Ai na ɗauka wancan ne ɗan lelen." Ɗan lele ne kuwa, ban musa ba. Amma da za a ce in riƙe ɗaya in rabu da ɗaya, shuɗin nan mai dizal zan riƙe, kuma dalilan sun fi ƙarfin amsar tsaye.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wannan ba irin jirgin roba mai batir ba ne da ake saya wa yara lokacin salla. Jirgin gaske ne aka ƙanƙantar da shi da awo, har ƙusoshin jikinsa. A Ingila ma'aunin da ya fi yawa shi ake kira OO: kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske ta koma milimita 4, wato an rage shi sau 76, faɗin layin kuma milimita 16.5. Wuta ta cikin ƙarafan layin take bi, bolt 12, tayoyi su kwashe ta su miƙa wa ɗan injin lantarki da ke ɓoye a ciki. Saboda haka in na ce mai kwal ko mai dizal, siffa nake nufi, dukansu lantarki suke sha. Sai dai siffar ce ke hukunta inda injin zai zauna, da yawan tayoyin da zai juya, da inda nauyi zai kwanta. Duk maganar a nan take. Teburina ƙafa 6 ne da ƙafa 4, layi biyu masu zagaye, tasha ɗaya, da marabar layi huɗu inda jirgi ke ratsewa ya shiga wurin ajiye taragai. Shekara shida ke nan ina hawa ɗakin nan, galibi bayan isha'i, musamman da sanyi in duhu ya rufa tun ƙarfe huɗu na yamma.

Mai kwal ɗin shi na fara saya. Flying Scotsman ne, lamba 4472, na hannu, a wani taron saye da musaya da ake yi a zauren wata makaranta ranar Lahadi. Fam 45 na biya, ba kwali ba takarda, tsohuwar ƙira. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san sunan ko da bai damu da jirgi ba. An ƙera na gasken a Doncaster a 1923, garin da bai fi tafiyar rabin sa'a a jirgi daga nan ba, kuma Nigel Gresley ne ya zana shi. A 1928 ya ja fasinja daga Landan zuwa Edinburgh, mil 392, bai tsaya ko'ina ba, domin an yi wani siririn lungu ta cikin taragon kwal ɗinsa wanda sabon direba da mai zuba kwal ke bi su karɓi aiki jirgi na tafiya. A 1934 aka tabbatar ya kai gudun mil 100 a sa'a. Ya yi ritaya a 1963, ya je Amurka, ya je Ostareliya, yanzu kuma mallakin gidan tarihin jiragen ƙasa ne na York tun 2004. Duk wannan tarihin yana kwance a tafin hannuna, tsawonsa bai kai santimita 30 ba.

Kyawunsa ba daga tsaye ake ganinsa ba. Sai ka durƙusa, ka sa idonka daidai da layin, ka murɗa wuta kaɗan. Kore ne shar, an ja masa siraran layuka fari da baƙi a kan tukunyar. Manyan tayoyi uku a kowane gefe, da sandunan ƙarfe da suka haɗe su. Da ya motsa sai doguwar sandar ta sauka ta tashi, ƙanana su bi ta, wata ta yi gaba wata ta dawo, kamar gwiwar hannun mai daka. Kana iya ganin yadda ƙarfi ke fitowa daga silinda ya isa taya, ba abin da aka ɓoye maka. Na taɓa zama kusan sa'a guda ina kallon wannan motsin kaɗai, shayina ya huce a gefe ban sani ba.

Akwai kuma abin da ya ɗaure ni da shi wanda ya wuce kyau. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a Zariya, kuma ya fara aiki a zamanin da kawunan jirgi masu kwal ke jan gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Yakan ba mu labarin waɗanda aka sa wa sunayen koguna, da kwal ɗin Inugu da ke shiga ido da hanci, da yadda mai zuba kwal ke jiƙewa sharkaf in an kama hawa, da tsayuwar shan ruwa a tasha. Shekarar da na sayi koren nan na ɗauki hotonsa mai motsi na aika gida, aka nuna masa a waya. Washegari ya sa aka kira ni. Bai yi maganar launi ba, bai tambayi kuɗi ba. Ya ce, "Sake ɗauko mini shi, amma ka rage masa gudu in ga hannuwan." Na sake ɗauka. Ya kalla ya ce, "Manyan tayoyinsa uku-uku ne, kuma dogaye. Wannan na gudu ne, na manya. Namu huɗu-huɗu ne, gajeru, baƙaƙe, 'yan dako." Da gaskiyarsa. Babbar taya ta gudu ce, ƙananan tayoyi masu yawa na jan nauyi ne, kuma daga ɗan hoton waya ya gane wannan. Bai shekara biyu bayan nan ba ya rasu. Abin da ya sa koren ke cikin gilashi ke nan.

To amma gilashi daban, layi daban.

Tsofaffin ƙirar irin wannan, injin ba a cikin kan jirgin yake ba, a cikin taragon kwal yake da ke biye da shi. Wato taragon ne ke tura kan jirgin a gaba, kan kuwa fanko ne mara nauyi. In layi ya ɗan yi maiƙo, ko sandunan suka ɗan cije, sai ka ga manyan tayoyin nan sun tsaya cak suna zamewa a kan layi, jirgi na tafiya hannuwa ba sa motsi. Abin da ka saye shi dominsa shi ne ya tsaya. Tayoyin taragon kuma an sa musu zoben roba don su kama layi, roban na tattara datti yana shafa wa layin, in ya tsufa ya saki sai jirgin ya riƙa ɗingishi. Sannan ga ƙananan tayoyi huɗu na gaba. A jirgin gaske nauyin tan-tan ne ke danne su, a nan kuwa ba abin da ke kansu sai ɗan siririn ƙarfe, don haka su ne farkon masu tsalle a marabar layi. Na yi wata guda ina fama da sauka daga layi a wuri ɗaya, sai daga baya na gano laifina ne: mahaɗin layi biyu ya ɗaga da abin da bai fi kaurin farce ba. Na gyara ya daina. Amma mai dizal ya bi ta kan wannan mahaɗin sau ɗari bai ko girgiza ba.

Kwana ma yana da sharaɗi. Dogon kai irin wannan ba ya son kwanar da ta gaza milimita 438, wadda ake kira kwana ta biyu, kuma a ƙaramin tebur layin ciki yakan fi haka matsewa. Ɗauka ma sai da lura. In ka kama shi ta gefe, yatsanka na kan sandunan, kuma lanƙwasa kaɗan ta isa ta sa su cije. Wata rana ɗan ƙaramin nati da ke riƙe sanda ya kwance ya faɗa cikin kafet, girmansa bai kai ƙwayar gero ba. Da maganaɗisu da tocila muka neme shi ni da babban ɗana, muna rarrafe, sai da muka yi kusan minti arba'in. Sababbin ƙira sun gyara da yawa cikin waɗannan, an mayar da injin cikin tukunya, an ƙara tayoyin da ke ɗaukar wuta, na kuma ga masu tafiya sumul a teburin abokai. Amma sandunan suna nan, ƙananan tayoyin gaba suna nan, domin haka jirgin yake, kuma hannun yaro ɗan shekara takwas ba ya tambaya kafin ya damƙa.

Mai dizal ɗin shekara biyu bayan nan ya shigo gidan. Samfurin da ake kira Class 37 ne, ƙirar Bachmann, kamfanin da ke yin irin waɗannan ƙananan jirage, shuɗi mai rawayan hanci gaba da baya. Ranar da na fito da shi daga kwali uwargida ta leƙo ta ce wannan ai bulo ne aka yi wa fenti. Haka yake a ido: dogon akwati, santimita 25, hanci nan hanci can, tagogi uku a goshi. Amma da na ɗora shi a tafin hannu na ji abin da ban taɓa ji a koren ba, wato nauyi. Ya kusa rabin kilo. Dalili shi ne siffar akwatin ta ba maƙera fili, sai suka cika cikin da gundumemen ƙarfe, suka zaunar da injin a tsakiya, suka sa masa faifan nauyi a kowane gefe, sanduna biyu suka miƙa ƙarfi gaba da baya. Tayoyi goma sha biyu, duka suna ja, kuma wuta na shigowa ta gaba da ta baya. Ba zoben roba ko ɗaya, nauyinsa ne ke kama masa layi.

Amfanin wannan sai a marabar layi ake ganinsa. A tsakiyar irin marabar da nake da ita akwai ɗan wurin roba inda wuta ba ta bi. Kan jirgin da ke ɗaukar wuta da tayoyi kaɗan, in ya zo a hankali taya ta hau roban, sai ya yi turus, sai ka sa yatsa ka tura. Shuɗin nan kuwa in tayar gaba tana kan roba, sauran suna kan ƙarfe, faifan nauyin kuma yana ci gaba da juyi ko da wuta ta ɗan yanke. Nakan rage masa wuta har ya koma tafiyar hawainiya, in sa agogo: daga bakin tasha zuwa ƙarshen wurin ajiye taragai, abin da bai wuce ƙafa uku ba, yakan ci fiye da minti guda bai tsaya ba, bai fizga ba. Ya zo luf ya taɓa tarago, ƙugiya ta faɗa, ya ja da baya da shi. Wanda bai yi wasan nan ba zai ɗauka gudu ne daɗinsa. Gudu kwana biyu ne ka gaji da shi. Abin da ke riƙe mutum shekara da shekaru shi ne wannan aikin na hankali, a ware tarago uku a kai can, a ɗauko biyu a haɗa, a jera jirgi kamar yadda ake yi a tashar kaya. Duk taragan da na mallaka, goma sha huɗu, na taɓa ɗaura masa su gaba ɗaya, ya ja su ya zagaya kwana ko a jikinsa.

Na gasken ma haka halinsa yake. Kamfanin English Electric ya ƙera guda 309 tsakanin 1960 da 1965, injin silinda 12 mai ƙarfin doki 1,750. An yi su ne su maye gurbin masu kwal, waɗanda aka sallama daga manyan layukan Birtaniya a watan Agusta na 1968. Sun ja kwal, sun ja ƙarfe, sun ja fasinja a tsaunukan Sikotlan, kuma har yau, bayan shekara sittin, akwai waɗanda ke bakin aiki. Masu son jirgi a nan tarakta suke ce musu saboda ƙararsu. Wani abu da na gano daga baya ya ƙara mini sonsa: yawancinsu a masana'antar Vulcan Foundry aka ƙera su, a Newton-le-Willows, kuma wannan masana'antar ce ta ƙera wa Najeriya rukunin farko na masu sunayen kogunan nan a 1948, waɗanda Baba ke kira 'yan dako. Ashe gida ɗaya suka fito.

Sai maganar sauti, wadda ita ce ta yanke mini hukunci. Bara na koma tsarin da ake kira DCC, inda wuta ke zaune a layi kullum, kowane kan jirgi kuma yana da 'yar ƙwaƙwalwa da lambarsa, ka kira wanda kake so ya amsa sauran su zauna. Na sa wa shuɗin mai haɗe da lasifika. Daren da na fara kunna shi, ya yi wani kuka siriri, ya yi tari sau biyu uku, sannan injin ya kama da wata irin gurnani mai kauri, teburin katako na amsawa. Na murɗa, ƙarar ta hau kafin tayoyi su motsa, kamar yadda na gaske ke yi. Jikina ya yi sanyi. Ni ban tashi na tarar da masu kwal suna aiki ba, kafin in yi wayo sun zama tarkace a bayan shago, ciyawa ta fito ta cikin tayoyinsu. Abin da na sani shi ne wannan gurnanin, da daddare, daga wajen tashar Sabon Gari, lokacin da muke kwance a tsakar gida da zafi, ana haɗa taragai, ƙarfe na dukan ƙarfe, injin na hawa yana sauka. Ba Class 37 ba ne ke aiki a can, layinmu ma ya fi nasu matsewa, ƙafa 3 da inci 6 ne, kawunan kuma daga ƙasashe daban-daban aka kawo su. Amma muryar babban injin dizal da ke juya janareta, dangi ɗaya ce ko'ina. Koren na tuna mini da labarin da Baba ya ba ni. Shuɗin kuwa abin da kunnena ya ji ne.

Masu kwal ma ana sa musu sauti, kuma in an dace yana da daɗi. Sai dai yana da wuyar sha'ani, domin dole fitar tururin ta dace da juyin taya. Mai silinda biyu sau huɗu yake huci a juyi ɗaya, mai silinda uku irin Flying Scotsman sau shida. In aka samu saɓani ko kaɗan, ido na ganin abu ɗaya kunne na jin wani, kuma da zarar ka lura ba za ka daina lura ba. Wani dattijo Bature da muke haɗuwa a wurin baje koli ya ce mini ya yi mako biyu yana daidaita nasa. Mai dizal ba ruwansa da wannan.

Ba zan ɓoye inda ya gaza ba. In yana tafiya ba abin kallo a jikinsa, akwati ne ke wucewa, tayoyin ma a ɓoye suke. Baƙo in ya hau ɗakin nan, wurin koren yake nufa kai tsaye, ba wanda ya taɓa cewa in kunna masa shuɗin. Sannan akwai kuɗi. Nawa na hannu na saya fam 95, ƙwaƙwalwar mai sauti kuma ta ci fiye da haka. Sabo fil a kwali yanzu ya haura fam 200, mai sauti ya haura 300, alhali tsohon mai kwal kana iya samunsa da abin da bai kai fam 50 ba. Wannan arahar ce ke jan mutane, ni ma ita ta ja ni. Amma yaron da aka saya wa jirgin da ke tsayawa a kowace maraba, yana sauka daga layi sau uku kafin ya zagayo, mako biyu zai yi ya koma kan waya, kuma ba zai dawo ba.

Kula da shi kuwa kaɗan ce. Duk wata nakan kifa shi a kan soso, in jiƙa audugar goge kunne da ɗan sinadarin goge na'ura, in bi tayoyin har baƙin ya daina fita, in goge layin da ƙyalle mara gashi. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura, sau ɗaya a shekara, domin yawansa ƙura yake kira. A shekara huɗu iyakar abin da na yi masa ke nan.

Ƙanin nawa ya saurara har na gama, ya ce, "To Yaya, in yaron ya ce shi mai hayaƙi yake so fa?" Na ce ya kawo shi nan duk ranar da ya so, in fito da koren daga gilashi in kunna musu, su durƙusa su kalli hannuwan kamar yadda kakansu ya kalla. Amma wanda zai kwana a ɗakinsa, ya ɗauka ya ajiye da hannunsa, mai dizal ne. Mun yi da shi Lahadi mai zuwa za mu je taron musaya tare. Na ce ya taho da ɗan batir mai kusurwa huɗu ɗin nan na bolt 9 a aljihu. In mun ga wanda ya kwanta mana, za mu nemi izinin mai shi mu kifa shi, mu taɓa bakin batirin a tayoyi, mu ga ko duka suna juyawa gaba da baya, mu kuma kasa kunne ko akwai ƙas-ƙas a cikin giya kafin a yi maganar kuɗi.